Nasiha ga Samari Matuƙa Game da Zaɓen Na'urar Tuƙi

Ya ku ƙannena da 'ya'yana masu neman ilmin jirgin sama, ko kuna cikin masu koyon tuƙi a kwalejin nan ta Zariya wadda aka kafa tun 1964, ko kuwa cikin masu koyon kwance inji da ɗaurawa, ku sani watan wata rana, in Allah ya yi muku tsawon kwana cikin wannan sana'a, wani mai ƙaramin jirgi, ko shugaban wata makarantar tuƙi, zai zaunar da ɗayanku ya ce yana so a sa wa jirginsa na'urar nan mai riƙe tuƙi da kanta, wadda matuƙa ke kira otofailot, ya kuma tambaya wacce za a saya. Ranar nan ba ta kame-kame ba ce, domin dukiya mai yawa za a kashe bisa amsar da aka bayar, kuma bisa ita ne mutum zai ɗauki iyalinsa ya shiga gajimare da su. Saboda haka na ga ya kamata in yi wa kowannenku magana shi kaɗai a kan wannan mas'ala, ko da yake kasuwar waɗannan na'urori ba a ƙasashenmu take ci ba. A Amurka take, inda ƙananan jirage suka fi yawa, inda mafi yawan maƙeransu suke, inda kuma hukumar da ke fara ba su izini take. Amma jirgin da za a kawo gabanka, Cessna ne ko Piper, daga can ya fito, kuma hukuncin can zai biyo shi har cikin rumfarka.

Asalin abin ba sabo ba ne. A watan Yuni na 1914 wani saurayi Ba'amurke mai suna Lawrence Sperry ya bi ta bisa kogin Seine kusa da Faris, ya ɗaga hannuwansa biyu sama don alƙalan gasa su gani, makanikinsa kuma ya fita ya taka kan fiffike, jirgin bai kife ba, domin na'urar tuƙi ce ke riƙe da shi. Daga wannan rana har yau, kowace na'urar tuƙi, komai tsadarta, abu biyu take bukata, watau hannu da sani. Hannun shi ne ƙananan injunan lantarki da ake ɗaurawa cikin fiffike da wutsiya, waɗanda ke jan igiyoyin ƙarfen nan da sitiyari ke ja. Sanin kuwa shi ne labarin halin da jirgi ke ciki, ko ya karkata, ko hancinsa ya ɗaga, ina ya fuskanta, mene ne tsayinsa, mene ne gudunsa. Mai saye yakan tsaya yaba hannun da yawan maɓallai da kyawun fitilu, alhali kuwa mas'alar duka tana wajen sanin. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta. Kai ma kada ka karɓi na'urar tuƙi sai ka tambaya daga wa take ɗaukar labari, kuma shin mai ba ta labarin shi ne mai ba ka.

A zamanin agogai masu allura hanya biyu aka bi. Waɗansu na'urori, kamar KFC 200 ta kamfanin King, suna ɗauka daga agogon da ke nuna iyakar sama da ƙasa, wanda a cikinsa akwai jairo, watau faifan ƙarfe mai nauyi da famfon zuƙar iska ke juyawa da tsananin sauri. Tuƙinsu yana da laushi, sai dai famfon nan ya shahara da mutuwa ba sallama, kuma idan ya mutu jairon ba ya tsayawa nan take, a hankali yake sanyi yana kwantawa gefe guda, na'urar tuƙi kuma tana biye da shi cikin cikakkiyar ɗa'a har ta kwantar da jirgin. Waɗansu kuwa, kamar dangin S-TEC na da, ba ruwansu da wancan agogo. Daga agogon da ke auna saurin juyawar jirgi suke ɗauka, shi kuwa da lantarki yake aiki. Ba su kai na farkon iya tuƙi cikin iska mai girgiza ba, sukan yi ɗan lilo, amma ranar da famfo ya mutu suna nan daram. Ka riƙe wannan falala tasu a zuciyarka, za mu bukace ta nan gaba.

Sa'an nan allon gilashi ya zo. Garmin ya fito da G1000, aka fara ganinsa cikin sababbin ƙananan jirage a 2004, agogai shida da matuƙi ya saba rarraba idonsa a kansu suka taru a fuska ɗaya, jairo mai juyawa ya bar wuri ga 'yan ƙananan ma'aunai na lantarki waɗanda babu abin da ke juyawa a cikinsu, tare da ma'aunin maganaɗisu da ake ɓoyewa can nesa da wayoyi, da kwamfutar da ke lissafa tsayi da gudu daga nauyin iska. Tun da labarin jirgi duka ya taru wuri ɗaya, hankali ya hukunta na'urar tuƙi ta sha daga nan. Amma ba nan da nan aka kai ga haka ba, kuma abin da ya gudana a tsakani ya cancanci a tsaya a kansa, domin jiragen wannan tsakani suna nan da yawa a makarantu, kuma babu abin da ya fi su bayyana bambancin da ke tsakanin na'urori biyu masu maƙwabtaka da na'urori biyu da suka zama abu guda.

Alal misali ka ɗauki Cessna 172 na farkon zamanin G1000, wanda aka gwama masa allon da na'urar tuƙi KAP 140 ta Bendix/King. Kowace cikinsu na'ura ce ta ƙwarai, sai dai maƙeransu daban. Ka zauna a kujerar hagu, hasumiya ta ba ka nauyin iska na wannan sa'a, ka murɗa shi a allo. Ba ka gama ba, sai ka murɗa shi a agogon tsayi na ajiya. Har yanzu ba ka gama ba, sai ka sunkuyar da ido ƙasa inda na'urar tuƙi take, ka danna BARO ka sake sa shi karo na uku, domin ita ba ta san abin da ka gaya wa allon ba. In ka yi gafala da na ukun, bambancin kuma ya kai hektofaskal 10, to tsayin da take nufa da wanda kake gani sun saɓa da kusan ƙafa 300. Tsayin da kake son hawa ma haka yake: wanda ka sa a allo tunatarwa ce gare ka kurum, ita sai an gaya mata nata dabam. A bayan allon kuma, inda ido ba ya kaiwa, an ɓoye tsohon agogon juyawa yana ta aikinsa, domin shi ne malaminta na haƙiƙa, ba wannan gilashi mai ban sha'awa da kake kallo ba. Abin da ya fi duka hatsari shi ne, in tana bin hanya ka sauya mata tushen hanyar daga GPS zuwa tashar rediyo ta ƙasa, sai ta saki hanyar ta koma daidaita fiffike kawai, ba ƙara, ba kururuwa, sai 'yan haruffa da ke ƙyaftawa can ƙasa wajen gwiwarka, kai kuwa idonka yana sama. Littafin jirgin ya yi gargaɗi a kan wannan a fili, amma mutumin da ya gaji, cikin duhu, rediyo na kiransa, ba shafin littafi yake tunawa ba.

Da Cessna ya koma ga GFC 700, wadda aka gina ta cikin jikin G1000, sai wannan wahala ta kau. Nauyin iskar da ka sa wa allo shi ta ɗauka, tsayin da ka zaɓa shi ta zaɓa, kuma a saman allon, daidai inda idon matuƙi ke yawan komawa, aka shimfiɗa wani siririn layi mai faɗin niyyarta: abin da take yi yanzu da koren rubutu, abin da take dako da fari. In ka ga HDG kore da GPS fari a gefensa, ka san tana bin alƙiblar da ka murɗa mata, tana kuma jiran ta tari hanyar da ka tsara. Da ta tare ta sai farin ya koma kore a gaban idonka. Har ma ko injunan ja ba su kama ba, tana iya zana maka wata alama a kan allon, wadda in ka bi da hannunka ka yi abin da ita za ta yi. A ganina wannan layi shi ne rabin abin da ake biya wa kuɗi, domin akasarin ɓarnar da ake jinginawa ga na'urar tuƙi ba daga lalacewarta take ba, daga zaton matuƙi take, ya zaci tana yin abu alhali wani take yi. A daren 29 ga Disamba 1972 wani babban jirgi na Eastern Air Lines ya faɗa cikin fadamar Everglades kusa da Miami, mutum 101 suka rasu, ba don komai ba sai don ƙwararrun matuƙansa sun duƙufa kan wani ɗan ƙwan fitila da ya mutu, na'urar kuwa ta saki riƙon tsayi ba su lura ba, jirgin yana gangarowa sannu sannu cikin duhu. In haka ya sami jama'a cikin ɗakin tuƙi guda, ina ga kai da kake zaune kai kaɗai?

To, daga nan ne tsarin zaɓen ya fito, kuma a nan ne aka fi tafka kuskure. Mai jirgi yakan ga allo ya ba shi sha'awa, ya saya ya ɗaura, bayan shekara ya waiwayi na'urar tuƙi, sai ya tarar allon ya riga ya yanke masa hukunci. GFC 500, wadda Garmin ya fitar a 2017 domin tsofaffin ƙananan jirage, ba ta iya aiki ita kaɗai, dole sai da allon G5 ko GI 275 ko G3X Touch, dukansu na gida ɗaya. Ta kamfanin Dynon kuwa ƙwaƙwalwarta ma cikin allon SkyView take, injunan ja kawai ake ƙarawa, saboda haka ba ta da rayuwa a wajensa. DFC90 ta Avidyne daga allon Avidyne ko na Aspen take sha. Wanda ya auri yarinya ya auri gidansu, da biki da suna da ta'aziyya. Haka wanda ya ɗaura ɗaya daga waɗannan ya shiga gidan maƙerinta shekaru masu yawa, duk abin da zai ƙara nan gaba sai ya duba ko gidan ya yarda. Ban ce wannan aibi ba ne, bal ma shi ne farashin jituwar da muke nema; abin da nake cewa shi ne a shiga da sani. Akwai kuma masu zaman kansu, waɗanda ke ɗauke da ma'auninsu a cikinsu, kamar Pro Pilot ta Trio da AeroCruze 100, wadda asalinta ta TruTrak ce kafin BendixKing ya saye kamfanin a 2019. Sun fi araha, suna kuma iya karɓar waɗansu umarni daga allon wani maƙeri, amma kalmar nan ta 'yan kasuwa, wai suna jituwa, tana da darajoji, kuma wajibi ne ka nemi tafsili. Shin alƙibla kawai take karɓa, ko har da tsayin da aka zaɓa da nauyin iska? Shin niyyarta tana fitowa a kan allon, ko sai an duba fuskarta? Ka nemi amsar cikin littafin ɗaurawa, ba cikin takardar talla ba. Nasihata dai ita ce a zaɓi na'urar tuƙi da fari, ko kuwa a zaɓe su tare a zama ɗaya, ko da kuɗin da ke hannu na allo ne kaɗai a bana.

Kafin ma duk wannan akwai sharaɗin izini, wanda in babu shi sauran magana ta zama hira. Jirgin da aka ƙera a masana'anta bisa takardar shaida ba a ƙara masa abin da ke taɓa igiyoyin tuƙi sai da ƙarin izini daga hukumar FAA ta Amurka, takardar da ake kira STC, kuma wannan izini ga kowane nau'in jirgi ake ba da shi dabam, domin sai an auna inda injunan ja za su zauna, an kuma tashi da jirgin an gwada. Ka lura da wani tarko a nan: allo yakan sami izinin ɗaruruwan nau'o'in jirage a takarda guda, alhali na'urar tuƙin da ke tafiya da shi ba ta sami na kaɗan daga cikinsu ba tukuna. Kada ka gina shawara kan alkawarin cewa izinin yana tafe. Ka ga nau'in jirgin da lambarsa cikin jerin da idonka. In kuma jirgin yana ɗauke da rajistar 5N ta Nijeriya ko 5U ta Nijar, to bayan takardar Amurka sai hukumar ƙasar ta amince da gyaran kafin a taɓa ƙusa. Waɗanda ke da sauƙi a wannan babi su ne masu harhaɗa jirginsu da hannunsu a Amurka, irin masu jiragen RV na kamfanin Van's, waɗanda daga ɗayansu ne aka samo Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin horar da sojan sama. Su doka ta sakar musu mara, kuma a jiragensu ne akasarin waɗannan na'urori masu araha suka fara balaga. Amma kada rahusar da kake gani a kasuwarsu ta ruɗe ka, domin hukuncinsu ba naka ba ne.

Wani lokaci za a kawo maka jirgi mai tsohuwar na'urar tuƙi da ke aiki, mai shi yana son sabon allo kawai. Akwai akwatunan tafinta domin wannan, kamar EA100 na Aspen da GAD 43 na Garmin, masu juya labarin allo zuwa irin siginar da tsohuwar ta saba karɓa daga jairo, ta haka a rabu da famfon iska. Akan kuma sami wata fa'ida: tsohuwar na'ura allura take kora, sai jirgi ya kauce hanya sa'an nan ta gyara, shi ya sa take tafiyar maciji a mahaɗar hanyoyi, amma in GPS ne ke gaya mata iyakar karkatar da za ta yi, sai ta fara kwana tun kafin a iso. Wannan maslaha ce mai kyau in injunan ja suna da lafiya, ko in babu sabuwar na'ura mai izini ga wannan jirgi. Sai dai ka gaya wa mai shi gaskiya, tafinta ba ya mai da tsoho yaro, injunan sun shekara talatin ko arba'in, masu gyaransu kuma suna ƙarewa.

Yanzu kuma sai in juya maganar, domin haɗin kan da na yaba yana da nasa hatsari, kuma rashin adalci ne in ɓoye shi. In allo da na'urar tuƙi daga maɓuɓɓuga ɗaya suke sha, ranar da ta gurɓata tare za su ɓata, kuma babu mai ƙaryata wani a cikinsu. A ranar 6 ga Fabrairu 1996 wani Boeing 757 na Birgenair ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika bayan ya daɗe a ajiye, ɗaya daga bututun da ke auna gudunsa a toshe, ana kuma kyautata zaton zanzaro ne ya yi gini a ciki. Agogon kyaftin ya nuna gudu fiye da gaskiya, na'urar tuƙi da ke ɗauka daga wannan ɓangare ta gaskata, ta ɗaga hanci don rage gudun da babu shi, har fiffike ya kasa ɗaukar jirgin, mutum 189 suka halaka. Zanzaro kuwa ba baƙo ba ne a rumfunanmu, kuma bai san bututun Boeing da na Cessna ba. Saboda haka ga duk tsarin da aka kawo maka, ka ɗauki alƙalami ka riƙa kashe kayan ɗaya bayan ɗaya a takarda kana tambaya me ya saura. In allon ya mutu, na'urar tuƙi ta mutu tare da shi? In akwai allo na biyu, tana komawa gare shi da kanta? In janareton injin ya daina caji, wane ne ke da batirin ajiya, kuma na tsawon wane lokaci? Falalar nan ta tsohuwar S-TEC da na ce ka riƙe, watau kasancewarta shaida mai zaman kanta, ba a samunta cikin sabon tsari sai an saye ta da gangan, ta hanyar ƙara ma'auni na biyu mai wutarsa dabam. Duk wanda zai shiga gajimare, wannan ƙari a wurina ba mustahabbi ba ne, wajibi ne.

Cikin ayyukan da ake lissafa wa na'ura kuwa, biyu ne nake dubawa da farko. Na ɗaya, shin tana iya hawa bisa riƙon gudu, abin da maɓallinsa ke ɗauke da IAS ko FLC? Dalili shi ne na'urar ƙaramin jirgi ba ta taɓa totur, wannan aikinka ne. In ka danna VS ka ce ta hau ƙafa 700 a minti, za ta yi ta ɗaga hanci don cika umarninka, injin kuwa ƙarfinsa yana raguwa gwargwadon hawa, balle da ranar bazara, gudu yana zubewa har a kai gaɓar da fiffike ke daina ɗauka. Wadda ke riƙon gudu kuwa hawan take ragewa ta bar gudun a inda yake. Na biyu shi ne shuɗin maɓallin nan mai LVL, wanda in aka danna shi, ko na'urar a kashe take, sai ta kama ta daidaita fiffike da hanci. Kada girman kai ya sa ka raina shi. A 1954 Jami'ar Illinois ta ɗauki matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogai ba, aka tsare musu ganin waje, dukansu jirgi ya ƙwace musu, matsakaicin lokacin kuma sakan 178 ne, bai cika minti uku ba. Wanda ya taɓa tashi cikin hazon hunturu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, sa'ad da sama da ƙasa suka zama launi ɗaya, kunne kuma yana rantse masa jirgi a miƙe yake alhali yana kwana, ya san wannan ba labarin wata ƙasa ba ne.

Akwai kuma tirim, ɗan faifan nan na bayan wutsiya mai ɗauke wa hannu nauyin sitiyari, wanda na'urori da yawa ke murɗawa da kansu. Ni'ima ce, amma ka san halinsa. Na'ura tana riƙe da tsayi, kai kuma ka ga kamar hanci ya sunkuya, sai ka jawo sitiyari ba tare da ka kashe ta ba. Ita ta ji nauyi a igiya, ta ɗauka jirgi ne ke neman hawa, sai ta murɗa tirim ƙasa. Ka ƙara ja, ta ƙara murɗawa, wilin tirim yana juyawa shi kaɗai kusa da gwiwarka ba ka gani ba. Sa'ad da ka fusata ka danna jan maɓalli, duk nauyin da ta tara ya faɗo hannunka gaba ɗaya, hanci ya zabura ƙasa. Ba a kokawa da na'urar tuƙi. Ko dai a bar mata, ko a kashe ta. Domin haka ka duba hanyoyin kashe ta tun wajen zaɓe: jan maɓalli ƙarƙashin babban yatsanka, da maɓallin fuskarta, da makatsin wutarta, wanda ya kamata a sa masa zobe mai launi yadda hannu zai same shi ko cikin duhu. Kada kuma sunan maƙeri ya sa ka sakankance, domin a ƙarshen 2022 Garmin da kansa ya sanar da masu GFC 500 cewa tirim yana iya murɗuwa ba da umarni ba, ya ce a dakatar da shi har a sabunta manhaja. Maƙerin da ke fitar da irin wannan sanarwa ya fi wanda ya yi shiru, amma sanarwar ba ta amfanin jirgin da ba mai bibiyarta.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Sa'ad da GFC 500 ta fito an sa mata dala 6,995, ban da allo, ban da ladan aiki, ladan aikin kuwa sau da yawa yakan kai kuɗin na'urar ko ya wuce, domin sai an buɗe fiffike da wutsiya da ƙasan kujeru, an cire tsofaffin wayoyi, an ja sababbi. A nan ne kuma tsohon jirgi ke tona asirinsa: igiyar da ta saki, da fuli da ya cije, da sitiyari mai wasa. Na'urar da aka ɗora kan igiya sakakkiya za ta yi ta noƙewa da ɗagowa, a zarge ta alhali ba laifinta ba ne. Ka kuma tambaya wa zai ɗaura, domin waɗansu maƙera ba su sayarwa sai ta hannun wakilinsu mai izini, kuma in injin ja ya mutu, ina za a kai shi, wata nawa jirgi zai zauna a ƙasa yana jiran kaya daga ƙetare. Na'ura ta biyu a daraja wadda ke da mai gyara kusa ta fi ta ɗaya wadda sai an haye teku. Ka lissafa har da bayanan hanyoyin sama na cikin GPS, waɗanda ake sabuntawa kowane kwana 28 da kuɗin waje.

In an gama ɗaurawa, kada ka sa hannu sai ka ga an gyara lissafin nauyin jirgi da daidaitonsa, an rubuta aikin cikin littafinsa, an kuma sa ƙarin shafukan na'urar cikin littafin tuƙi, domin a nan ne haddodinta suke. A Cessna 172 mai GFC 700, alal misali, ba a barin ta a kunne ƙasa da ƙafa 800 daga ƙasa, sai wajen gangarowa sauka bisa agogai, inda iyakar take ƙafa 200. Sa'an nan ka zaɓi rana mai haske, ka ɗauki malamin da ya san wannan na'ura, ku hau sama sosai. Ka danna kowane maɓalli kana faɗin abin da layin saman allo ya nuna da babbar murya kafin ka ɗauke yatsa. Ka sauya tushen hanya tana cikin bi, ka ga abin da za ta yi. Ka rage totur tana riƙe da tsayi, ka ga inda za ta yi maka kashedi. Ka sa malamin ya kashe allon ba tare da ya gaya maka ba, ka kashe na'urar tuƙin da kowace hanya cikin ukun nan da na ambata, kuma saukar ranar ka yi ta da hannunka tun daga nesa.